Gas daga Buntun Shinkafa da Tarkacen Gona

Wannan fasaha ce ta gasa busasshen tarkacen gona, irin su buntun shinkafa, totuwar masara da ɓawon gyaɗa, a rufaffiyar tukunyar ƙarfe da zafin da ya haura digiri 700 na Salshiyos, ana ƙayyade iskar da ke shiga. Da yake iskar ba ta isa wuta ta cinye kayan ƙurmus ba, sai su saki gas mai kama wuta, wanda ƙarfinsa ke cikin iskoki biyu, kabon monoksaid da haidirojin. Ya bambanta da gas ɗin kashin shanu, wanda ake samu ta ruɓewa a jiƙe. Wannan sai kaya sun bushe.

Dabarar tsohuwa ce. A Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yi wuya a Turai, motoci masu ɗimbin yawa da gas ɗin itace suka yi tafiya. A jihar Bihar ta Indiya kuma, kamfanin Husk Power Systems ya haskaka ƙauyuka da lantarki daga gas ɗin buntu.

A ƙasar Kano da Jigawa makamashin a jibge yake. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera buntu ne, kuma duk wanda ya bi bayan injinan casa a Kura ko yankin Haɗeja ya ga tsibinsa, wani na cin wuta a hankali kwana da kwanaki, hayaƙi na shiga gidaje. Asara ce babba, ga shi masu injinan da kansu suna kukan tsadar dizal. Injin dizal na iya aiki da wannan gas, ya rage fiye da rabin man da yake sha.

Babbar matsalar ita ce kwalta. Gas ɗin kan fito da wani baƙin maiƙo mai danƙo, wanda da ya huce yake toshe bututu ya liƙe bawul. A tsohuwar hanya, da ruwa ake wanke gas ɗin, sai a bar baƙin ruwa mai guba. A inda ake noman rani kusa da magudanai, wannan ba abin yarda ba ne. Tsaftatacciyar hanya ita ce tukunyar da ke jan gas ƙasa ta cikin garwashi, inda zafi ke farfasa yawancin kwaltar, sannan a tace sauran a bushe da yayi ko gawayi. Buntu na da yawan toka, don haka dole a riƙa kwashewa. Gawayin da ya rage ana mai da shi gona.

Kabon monoksaid ba shi da wari kuma yana kisa, shi ya sa ake kafa tukunyar a sarari, ba a ɗaki ba. Kara da harawa kuwa ba su cikin lissafin kayan da za a gasa, domin abincin dabbobi ne, karan kuma da shi ake danga.