Yumɓun goge fentin mota

Yumɓun goge mota wani dunƙule ne mai danƙo da ake murzawa a jikin fenti domin ya ɗebe dattin da ya kafe, irin wanda ruwa da sabulu ba sa fitarwa. Ana amfani da shi bayan an wanke mota, kafin a shafa mata kaki ko wani man kariya. Ba ƙasa ba ce da ake haƙowa. A masana'anta ake haɗa shi da wani nau'in roba mai suna folibutin, a cakuɗa da garin goga mai laushi ƙwarai. A hannu yana kama da cingam mai ɗan tauri, ana lanƙwasa shi a baje shi yadda ake so. Yawanci ana sayar da shi guntu-guntu, daga giram 80 zuwa 200.

A Japan aka ƙirƙiro shi, kuma sunan Tadao Kodate ne ke kan takardun mallakar fasahar. Ya shiga Amurka a farkon shekarun 1990, inda kamfanin Auto Wax na birnin Dallas ya riƙa sayar da shi da sunan Clay Magic. Masu fentin mota ne suka fara rungumarsa, domin yana cire yayyafin fenti da iska ta kai jikin wata motar ba tare da an sa mata yashin goga ba. Daga baya ya yaɗu zuwa wuraren wankin mota da gidajen mutane.

Dattin da yake cirewa

Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai riƙe ƙarfe, akwai mai launi, sannan shafin ƙarshe marar launi wanda shi ke ba da sheƙi. Wannan shafin na sama siriri ne sosai, kaurinsa bai cika wuce maikuron 35 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. A kansa ne datti ke zama.

Mafi muni shi ne burbushin ƙarfe. Duk lokacin da aka taka birki, ƙananan ɓarɓashin ƙarfe masu zafi na tashi, su sauka a jikin mota su nutse cikin fentin. Da sun sha raɓa ko ruwan sama sai su yi tsatsa. A farar mota ana ganinsu ɗigo-ɗigo masu launin ruwan goro, musamman a bayan ƙafafu da murfin but. Motocin da aka yi jigilarsu a jirgin ƙasa, ko suka daɗe a tashar jiragen ruwa da kusa da masana'antu, sun fi kwasar irin wannan. Sai kuma feshin kwalta daga sabon titi, da ƙaron bishiyar da aka saba ajiye mota a ƙarƙashinta, da ragowar ƙwarin da suka mutu a bamba, da yayyafin fenti ga wanda ya bar motarsa a garejin da ake feshi a fili.

Ido ba ya ganin yawancin wannan, hannu ne ke ji. Gwajin da masu sana'ar ke yi shi ne a wanke mota ta bushe, a sa hannu cikin siririyar leda, a shafa bonet a hankali. Ledar na ƙara wa yatsu ji. Idan an ji kaushi tamkar an barbaɗa rairayi, fentin na bukatar yumɓu. Idan sumul yake, a bar shi. Wannan gwaji ya fi duk wani lissafin watanni amfani, ko da yake galibin motoci sau ɗaya ko biyu a shekara ya ishe su.

Yadda ake aikin

Yumɓu ba ya taɓa fenti a bushe. Ana fesa ruwan sulɓi na musamman, ko ruwan sabulun mota mai kumfa, domin ya riƙa zamewa a kan wurin. Yayin da yake wucewa, duk abin da ya ɗago sama da fentin sai ya kankare shi ko ya tumɓuke shi, danƙonsa ya riƙe. Abin da ke kwance daidai da fentin kuwa wuce shi yake yi.

Sai an wanke motar tas tukuna. A yankunan da hazon hunturu ke sauka, wannan mataki ba na wasa ba ne, domin ƙurar na ɗauke da yashi mai kaifi, kuma ƙwaya ɗaya da ta maƙale a yumɓu za ta ja zane a duk inda aka bi da shi. A yi aikin a inuwa, jikin motar ya huce. A rana ruwan sulɓin na bushewa nan take, yumɓun ya yi laushi ya manne.

Ana yanko ɗan guntu, a murza shi a tafin hannu har ya yi taushi, a baje shi ya kai faɗin yatsu uku ko huɗu. A ɗauki wuri kaɗan, kamar santimita 50 kowane gefe, a jiƙa shi sosai, sannan a riƙa kai da komowa a miƙe, ba tare da dannawa ba. Da farko za a ji yana ɗan tirjewa, har da wata 'yar ƙara ta kaushi. Bayan an kai an komo sau kaɗan ƙarar za ta ɗauke, ya riƙa sulalewa shiru. Wurin ya yi ke nan. A goge da tawul mai laushi, a duba fuskar yumɓun: za a ga ta yi baƙi-baƙi ko ja-ja. Sai a ninke dattin ya koma ciki, a fito da sabuwar fuska, a matsa gaba. Daga rufin mota ake farawa a sauko, ƙasan ƙofofi da bayan ƙafafu su zama na ƙarshe saboda nan ne datti ya fi yawa.

Idan guntun ya faɗi ƙasa, zubar da shi ake yi. Mutane da yawa na jin asarar, su ɗauraye su ci gaba, alhali tsakuwar da ta shige ciki ba ta fita da wanki, kuma gyaran zanen da za ta yi ya fi kuɗin yumɓun nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake raba dunƙulen gida uku ko huɗu tun farko.

Iyakarsa

Yumɓu iri uku ne: mai laushi, matsakaici da mai ƙarfi. Mai motar da ke aikin da kansa mai laushin ya dace da shi. Mai ƙarfin na yayyafin fenti ne mai yawa, kuma kusan kullum yakan bar dushi-dushi da sai an bi da folish, wato man da ake goge fenti da shi ya yi sheƙi. Ko mai laushin ma kan bar 'yan alamu a baƙar mota.

Ba ya cire zane, ba ya gyara fentin da rana ta ƙone, ba ya kuma share tabon da kashin tsuntsu ya riga ya ci cikin shafin sama. Waɗannan aikin folish ne. Ba a sa shi a fenti marar sheƙi, domin yana canja masa kama. Ana iya amfani da shi a gilashi da rim. Inda kwalta ko tsatsa ta yi yawa, gara a fara da maganin narkar da kwalta da na burbushin ƙarfe, wanda ke komawa launin shunayya idan ya haɗu da ƙarfen, domin a rage wa yumɓun aiki a kuma rage gogar fentin. Yanzu akwai safar hannu da tawul masu rufin roba da ke yin irin aikinsa. Sun fi sauri, kuma idan sun faɗi ana ɗauraye su.

Bayan yumɓu fentin tsirara yake, domin tsohon kakin ya tafi tare da dattin. A ranar ya kamata a shafa sabo, ko kakin karnoba da ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya ta arewa maso gabashin Brazil, ko man kariya na masana'anta da ya fi shi daɗewa. Ragowar yumɓun kuma a ɗan fesa masa ruwan sulɓi, a rufe shi cikin robarsa, a ajiye nesa da zafin rana.