Kujera ɗaya, ƙananan hukumomi biyu: asalin mazaɓar Bagwai da Shanono

Tun da aka yi zaɓen cike gurbi na ranar 16 ga Agustan 2025, maganar mazaɓar Bagwai da Shanono ba ta kwanta ba. Ɗan majalisar da ke wakiltarta a majalisar dokokin Kano, Halilu Ibrahim Kundila na APC, ya rasu a watan Afrilun 2024, kujerar ta yi wata 16 babu kowa a kai, sannan NNPP ta karɓe ta. Masu muhawara sun fi tsayawa kan wa ya ci, wa ya faɗi. Amma akwai tambayar da jama'ar yankin suka daɗe suna yi, wadda ta girmi jam'iyyun nan biyu: me ya sa ƙananan hukumomi biyu za su yi tarayya a kujera ɗaya, alhali mafi yawan ƙananan hukumomin jihar kowace na da tata?

Abin da kowa ya sani ba ya buƙatar dogon bayani. A 1979, tsohuwar jihar Kano, wadda Jigawa ke cikinta, tana da kujeru 46 a majalisar wakilai ta tarayya. Tsarin mulkin lokacin ya ce a ninka adadin sau uku, aka samu majalisar jiha mai mutum 138, PRP ta kwashe mafi yawansu a zamanin Abubakar Rimi. Soja suka dawo a ƙarshen 1983, aka cire Jigawa a 1991, aka yi gajeriyar jamhuriya ta SDP da NRC. Daga 1999 kuwa gwamnatin jihar ta zaga hannun PDP, ANPP, PDP kuma, APC, sai NNPP a 2023. Jam'iyyu sun sauya, iyakar mazaɓar tana nan inda take.

Inda aka ƙulla lamarin shi ne tsakanin 1996 da 1999, shekarun da ba a cika waiwayarsu ba. A 1996 aka ƙara jihohi da ƙananan hukumomi, Kano ta tashi da 44, adadin da babu jihar da ta kai shi. A wannan zangon ne aka shata mazaɓun da ake amfani da su har yau. An yi zaɓen gwamnoni da 'yan majalisun jihohi ranar 9 ga Janairun 1999, wato kafin a fitar da kundin tsarin mulkin da zai yi aiki a kansu, wanda ya soma aiki ranar 29 ga Mayu.

Sashe na 91 na kundin ya ce majalisar jiha za ta ƙunshi ninki uku ko huɗu na kujerun da jihar ke da su a majalisar wakilai. Kano na da 24. Da a nan maganar ta tsaya, da majalisar Kano na da mutum 72 ko 96. Sai dai sashen ya ɗora da sharaɗi: kada majalisa ta gaza mutum 24, kada kuma ta wuce 40. Wannan ɗan sharaɗin shi ne tushen komai. Ƙananan hukumomi 44, kujeru 40. Dole takwas su haɗu bibbiyu: Bagwai da Shanono, Tsanyawa da Kunci (wadda yanzu ake kira Ghari), Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa.

A kula da abin da ya biyo baya, domin nan ne zancen ya fi taɓa ni. Bagwai da Shanono su ne kuma mazaɓar tarayya guda. Ɗan majalisar da ke zuwa Abuja da wanda ke zuwa birnin Kano, ƙasa ɗaya suke wakilta, mutane ɗaya, rumfunan zaɓe ɗaya. Haka Tsanyawa da Ghari. Manufar ninkawa sau uku ko huɗu ita ce ɗan majalisar jiha ya fi kusa da talaka, ya san mai unguwa da dagaci, ya san wace rijiya ce ta ƙafe, wace makaranta ce iska ta yaye wa rufi. A nan wannan kusancin ya ɓace tun ranar farko. Mai noman rani a bakin madatsar Watari da manomin da ke ƙauyukan Shanono na kan iyaka da Katsina, buƙatunsu ba ɗaya ba ne, amma bakinsu a zauren majalisa ɗaya ne. Idan ajali ya ɗauke shi, ƙananan hukumomi biyu ne suke yin shiru lokaci guda.

Ba karkara kaɗai abin ya shafa ba. Nassarawa, Dala, Fagge, Gwale, Tarauni, Kumbotso, Bichi da ƙaramar hukumar Birni, kowace mazaɓar tarayya ce ita kaɗai, kuma kujerar jiha ɗaya gare ta. Ƙidayar 2006 ta nuna Nassarawa na da mutum kusan 600,000. A ƙidayar dai, Kano na da mutum miliyan 9.4, wato kowane ɗan majalisa na ɗauke da kimanin 235,000. Bayelsa mai mutum miliyan 1.7 da ƙananan hukumomi 8 ta amfana da ɗaya ɓangaren sharaɗin, tana da kujeru 24, kowace na wakiltar wajen 70,000. Ba laifin Bayelsa ba ne, doka ce ta ba ta. Legas ma rufin 40 ya danne ta kamar Kano, sai dai da yake ƙananan hukumominta 20 ne, rabon ya zo daidai, kowace ta samu biyu, babu wadda aka jingina da wata.

Daga wannan haɗi ne siyasar karɓa-karɓa ke samun gindin zama. Idan wannan ɓangare ya riƙe kujerar tarayya, sai wancan ya ce ta jiha tasa ce. Yarjejeniya ce ta fatar baki wadda babu dokar da ta san da ita, shi ya sa kowane zaɓen fid da gwani ke iya zama rigimar "namu ne ko nasu", tun kafin a tambayi ɗan takara abin da zai yi.

Wasu na cewa a sake shata mazaɓu kawai. Sashe na 114 ya tanadi a riƙa duba iyakokin, ba ƙasa da shekara goma tsakani ba, sashe na 115 kuma ya ce sai majalisar tarayya ta amince kafin sabon tsari ya yi aiki. A wasu jihohin, irin su Binuwai, hukuncin kotu ya dawo da mazaɓun da aka danne, har jimillar kujerun jihohi ta tashi daga 990 zuwa 993 a zaɓen 2023. Wannan ƙofar a rufe take ga Kano, domin ta riga ta taɓo rufi. Duk kujerar da za a ba Shanono ita kaɗai, sai an ƙwace ta daga wata ƙaramar hukumar. Ɗaga rufin kuwa gyaran kundi ne: kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da ta wakilai, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, waɗanda mafi yawansu ba su kusanci kujeru 40 ba, balle su ji ciwon.