Minshari da Ɗaukewar Numfashi a Barci: Me Robar Haƙori Za Ta Iya Yi?

Da zarar zafin Afrilu ya kama, rabin Damagaram a tsakar gida take kwana, daga nan kuma asirin mai minshari ya tonu. Daga Birni har Zango, kowace unguwa tana da mutumin da ake jiyowa ta bayan katanga. Maƙwabta dariya suke yi. Matarsa kuwa ta san abin da ba su sani ba: wani lokaci gurnanin yakan yanke ɗif, ta yi ta jira, sai can ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan ciwo, da kuma robar da likitan haƙori ke yi dominsa.

Maigidana minshari kawai yake yi. Ta yaya wannan ya zama ciwo?

Ba kowane minshari ne ciwo ba. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya koma baya. In hanyar iska ta ƙuntata kawai, sai a ji ƙara. In ta toshe har numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta zaburar da shi don ya shaƙa, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Likitoci suna ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai a awa guda: 5 zuwa 15 ciwo ne mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, fiye da 30 mai tsanani.

Hajiya, ki lura da shi da rana. Yana tashi da ciwon kai da bushewar baki? Yana gyangyaɗi a majalisa ana tsakar hira? Yana yawan tashi fitsari da dare? Hawan jininsa ya ƙi jin magani? Wannan ciwo yana tafiya da hawan jini, shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. In kuwa direba ne mai bin hanyar Agadas ko doguwar hanyar Yamai, gyangyaɗin daƙiƙa uku ya isa.

Ba dannau ba ne?

A'a. Mai dannau ya farka ne ya kasa motsi, kuma yana tuna abin da safe. Wannan kuwa mai shi yakan rantse barci ya sha har asuba.

Mece ce robar, kuma yaya take aiki?

Gwada wannan yanzu: turo haɓarka gaba har haƙoran ƙasa su kai na sama ko su ɗan wuce, sannan ka yi ƙoƙarin yin minshari. Za ka ji ya yi wuya. Dalili shi ne harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa yake ɗaure; in muƙamuƙin ya matsa gaba, harshe ya biyo shi, bayan maƙogwaro ya buɗe.

Robar aikinta ke nan. Guda biyu ce, ɗaya ta hau haƙoran sama, ɗaya na ƙasa, da ɗan maɗauri a tsakani da ke riƙe muƙamuƙi a gaba duk dare. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna ce mata ortez. Dabarar ba sabuwa ba ce: wani likitan baki na Faransa, Pierre Robin, ya ƙera irinta tun 1902. Akwai kuma wata iri mai tsotso harshe ta riƙe shi waje, wadda ake ba marasa haƙora, sai dai mutane kaɗan ne ke jure mata.

Ba a turo muƙamuƙi gaba ɗaya a daren farko. Likita yakan fara da wajen rabin iyakar da mutum ke iya turowa, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, milimita bayan milimita, cikin makonni.

An ce injin hura iska ya fi ta. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma kada wani mai talla ya ruɗe ka. Injin nan mai tura wa mai barci iska ta takunkumin fuska, da ake kira CPAP, wanda takardun Faransanci ke rubutawa PPC, Colin Sullivan ne ya fito da shi a Ostireliya a 1981, kuma har gobe babu abin da ya kai shi buɗe hanyar iska. Ga ciwo mai tsanani, shi ne zaɓin farko.

Amma injin sai da wuta. Mu da muka san yadda ake ɗauke ta da tsakar dare a watan Mayu, fanka ta tsaya, kowa ya jawo tabarma waje, mun san abin da wannan ke nufi ga wanda bai da batir ko sola. Ga takunkumin fuska cikin gumi, ga ƙurar hunturu da ke toshe matacin iskar, ga tsada. Mutane da yawa, ko a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa, sukan ajiye shi a ƙarƙashin gado. Robar kuwa tana shiga aljihun riga, direba ya tafi da ita duk inda dare ya riske shi. Shi ya sa a 2015 ƙungiyoyin likitocin barci da na haƙori na Amurka suka ba da shawarar a ba da ita ga babban da ya kasa jure injin ko ya fi son wata hanya. A ganina, magani mai matsakaicin ƙarfi da za a sa kowane dare ya fi mai ƙarfi da ke shan ƙura. Ta fi yi wa mai ciwo mai sauƙi da matsakaici aiki, musamman marar ƙiba sosai.

Kowa zai iya sa ta?

Nan ne da yawa daga cikinmu za su faɗi jarrabawa. Robar a haƙora take kafa ƙafa, don haka ana son kamar 8 zuwa 10 masu ƙwari a sama, haka a ƙasa, da dasashi mai lafiya. Wanda shayi mai sukari ya rarake wa haƙora, ko dasashinsa ke zubar da jini, sai an gyara wannan tukuna. Mai ciwon gaɓar muƙamuƙi ma sai an duba shi. Yara kuma hanyarsu daban: galibi kumburin naman maƙogwaro ne ke toshe su, aikin likitan hanci da maƙogwaro ne. Kai yaro ko babba wurin wanzami a yanke beli ba ya warkar da wannan ciwo, sai dai ya jawo zubar jini.

Na ga ana sayar da irinta a intanet, a tsoma a ruwan zafi a ciza. Ba iri ɗaya ba ne?

Kamar rigar gwanjo ce da wadda tela ya auna. Ta gwanjon takan faɗo cikin dare, ba a iya daidaita ta yadda ya kamata, kuma ba ta kai wadda aka auna aiki ba. Babban haɗarin shi ne ta rage ƙarar, gida ya yi shiru, kowa ya ce Alhaji ya warke, alhali numfashin na nan yana ɗaukewa. Don haka tsarin shi ne: likita ya tura ka gwajin barci, inda ake ƙirga ɗaukewar numfashinka kana barci, a san matsayin ciwon, likitan haƙori ya ɗauki awon bakinka, bayan an gama daidaitawa, a sake gwajin da robar a baki.

Tana da illa?

Makonnin farko akwai dalalar miyau ko bushewar baki, da tsamin muƙamuƙi da safe, yawanci suna wucewa. Wadda ba ta wucewa ita ce gocewar haƙora a hankali cikin shekaru, har cizon mutum ya sauya. Saboda haka ake komawa wurin likitan haƙori bayan wata 6, daga nan shekara-shekara. Rage ƙiba, kwanciya ta gefe maimakon rigingine, da barin ƙwayar sa barci duk suna taimaka mata.

Yaya ake kula da ita?

A wanke ta kowace safiya da buroshi da ruwan sanyi, ta bushe a inuwa, a mayar cikin akwatinta. Zafi yana lanƙwasa ta. Kada a bar ta a gaban mota da rana, kuma a gaya wa yaran gida kada wani ya yi gwaninta ya wanke ta da ruwan butar shayi.