Mene ne Ƙarancin Ƙimar Kai, kuma Yaya Yake Shafar Halin Ɗalibi a Aji?

Idan masana halayyar ɗan Adam suka ce ɗalibi yana fama da ƙarancin ƙimar kai, suna nufin hukuncin da yaron ya yanke wa kansa a zuci cewa shi ba a bakin komai yake ba, kuma duk abin da ya sa hannu a kai ba zai yi kyau ba. Wannan ya bambanta da kunya, ya kuma bambanta da tawali'u. Mai kunya yana iya sanin darajarsa sarai, magana a gaban jama'a ce kawai take yi masa nauyi. Mai tawali'u kuwa ya san abin da ya iya, amma ba ya taƙama da shi. Shi mai raina kansa, ko an nuna masa abin kirkin da ya yi, sai ya ce dace ne kawai, idan kuma ya yi kuskure sai ya ɗauke shi hujja a kan abin da dama yake zato game da kansa.

Tun a shekarar 1890 masanin nan na Amurka, William James, ya bayyana cewa ƙimar kai tana samuwa ne idan mutum ya auna nasarar da ya samu da burin da ya ɗora wa kansa. Shi ya sa ake samun yaro mai cin jarrabawa amma yana ganin bai taɓuka komai ba. A 1965 Morris Rosenberg ya tsara ma'auni mai jimloli 10 da mutum zai nuna ko ya yarda da su game da kansa, kuma har yanzu masu bincike suna amfani da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda matsalar take ɓoye kanta a aji, domin malami ba ya ganin abin da ke zuciyar yaro, halinsa kawai yake gani. Da zarar an ba da aikin lissafi, sai yaron ya fara tsokanar na kusa da shi, ko ya ce ya manta littafinsa a gida, ko ya jefo maganar da za ta sa aji ya fashe da dariya. Martin Covington, wanda ya daɗe yana nazarin wannan hali, ya nuna cewa ɗalibai da yawa sun gwammace a kira su malalata ko marasa ji, da a kira su daƙiƙai. Wanda bai yi aiki ba yana da uzurin da zai kare mutuncinsa da shi, amma wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya faɗi a gaban abokansa, ba shi da mafaka. Idan aka kore shi waje saboda surutu, ya tsira daga kunyar ranar, sai dai darasin ya wuce shi, gobe aikin zai ƙara yi masa tsauri, dalilinsa na tayar da rigima kuma ya ƙaru. Akwai kuma wanda yake lafewa a bayan aji, ba ya tambaya, ba ya amsawa, kuma da yake ba ya damun kowa, shi aka fi mantawa da shi.

Ba kowane mai rashin ji ne yake raina kansa ba. Yunwa, raunin gani ko na ji, wahalar karatu da rikicin gida duk suna iya canza halin yaro, ya kamata a bincika su tukuna.

An taɓa zaton yawan yabo ne maganin. Jihar Kalifoniya ta Amurka har ta kafa kwamiti a 1986 domin ɗaga ƙimar kai a tsakanin jama'arta. Amma a 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi, suka ga cewa kambama yaro kaɗai ba ya gyara karatunsa, galibi nasara ce take fara zuwa, ƙimar kai ta biyo baya. Kafin nan, a 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck sun gano cewa yaran da aka yaba wa basirarsu sun fi gudun aiki mai wuya kuma sun fi saurin karaya, idan aka kwatanta su da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu.

Saboda haka aikin malami shi ne ya shirya wa yaron nasara ta gaskiya. Ya gutsuttsura masa aikin yadda zai iya gama kashi na farko da kansa, sannan ya gaya masa takamaiman abin da ya yi daidai: “Ka jera lambobin nan a muhallinsu, shi ya sa amsarka ta fito.” Idan za a yi masa gyara, a kira shi gefe, a soki abin da ya aikata ba tare da an laƙaba masa suna ba, domin yaron da ake kira “marar amfani” a gaban tsaransa yakan riƙe sunan ya yi ta aiki da shi. Dokar aji kuwa tana nan a kansa kamar kowa, sassauta masa ita yana iya nuna masa cewa an fid da rai da shi. Yana kuma da amfani a damƙa masa wani nauyi, kamar rabon littattafai ko taimaka wa wani a darasin da ya fi ƙwarewa.

Idan yaro ya daina cuɗanya da kowa, ko ya riƙa cewa rayuwarsa ba ta da amfani, ko aka ga alamar yana cutar da jikinsa, lamarin ya wuce dabarun koyarwa. A nan wajibi ne malami ya sanar da iyaye da mai ba da shawara na makaranta nan take, a haɗa yaron da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa.