Waiwaye: Porsche da Volkswagen, wa ya mallaki wa?

A takarda, Volkswagen ne uwar kamfanin Porsche mai ƙera motocin gudu na alfarma a Stuttgart, ƙasar Jamus. Amma idan aka tambayi wa ke da rinjayen ƙuri'a a Volkswagen, amsar ita ce wani kamfani mai suna Porsche SE, mai riƙe da kashi 53.3 cikin ɗari. Wanda ya ji wannan karon farko sai kansa ya ɗaure. Bakin zaren yana cikin tarihin gida ɗaya.

Ferdinand Porsche injiniya ne, ya buɗe ofishin zana motoci a Stuttgart a 1931. A 1934 gwamnatin Hitler ta ba shi aikin zana motar da talaka zai iya saye, ita ce daga baya ta zama Bitil, wadda har a Legas an riƙa harhaɗa ta tun daga 1975. Surukinsa Anton Piëch, mijin 'yarsa Louise, shi ya riƙe masana'antar Volkswagen a lokacin yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka sa dubban mutane aikin tilas a cikinta. Wannan tabo ne da bai kamata a tsallake shi ba idan ana ba da labarin arzikin gidan.

Bayan yaƙi Faransawa suka tsare tsohon, sai ɗansa Ferry ya ɗauki ragama. A 1948, a ƙauyen Gmünd na Ostiriya, ya haɗa mota ta farko mai sunan gidansu, 356, da inji da sauran kayan Volkswagen. A wannan shekarar aka ƙulla yarjejeniya: za a riƙa biyan iyalin wani abu a kan kowace Bitil da aka ƙera, su kuma ne dillalan Volkswagen a Ostiriya.

Jikoki da suka taso sai rigima ta kunno kai tsakanin 'ya'yan Ferry da 'ya'yan Louise. A 1972 aka yanke shawarar kowa ya cire hannu daga tafiyar da kamfanin, a bar wa ƙwararru. Ferdinand Piëch, ɗan Louise, ya tattara ya koma Audi, ya yi ta hawa har ya zama shugaban Volkswagen a 1993. A wannan shekarar ce kuma Wendelin Wiedeking ya zama shugaban Porsche, kamfanin na dab da durƙushewa. Ya farfaɗo da shi da Boxster, sannan da Cayenne a 2002, wadda aka gina a kan ƙashi ɗaya da Touareg ta Volkswagen.

Da kuɗi suka taru, Wiedeking ya ɗaura niyyar abin da ba a zata ba: ƙaramin kamfani mai sayar da motoci kimanin dubu ɗari a shekara zai haɗiye ƙato mai sayar da miliyan shida. A 2005 Porsche ya fara sayen hannun jarin Volkswagen, a 2007 ya wuce kashi 30. Ranar 26 ga Oktoba 2008 ya bayyana cewa yana riƙe da kashi 42.6, ga kuma yarjejeniyoyi da bankuna a kan wasu kashi 31.5. Jihar Lower Saxony ta Jamus tana da kashi 20 kuma ba ta sayarwa. Abin da ya rage a kasuwa bai kai kashi shida ba.

A nan ido ya raina fata. Akwai 'yan kasuwa da yawa da suka ari hannun jarin Volkswagen suka sayar, da zaton farashi zai faɗi su saya da araha su mayar. Sai ga shi babu kayan da za su mayar. Suka yi ta wawaso, cikin kwana biyu hannun jari ɗaya ya haura Yuro 1,000, Volkswagen ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci.

Lissafin Wiedeking shi ne ya kai kashi 75, ya samu ikon taɓa baitulmalin Volkswagen, ya biya bashin da ya ci da kuɗin wanda ya saya. Abu biyu suka tare shi. Dokar Volkswagen ta ce babbar shawara sai da fiye da kashi 80 na ƙuri'u, wato sai Lower Saxony ta yarda. Ga kuma rikicin tattalin arzikin duniya, bankuna sun ɗame bakin aljihu. Porsche ya tsaya a kashi 50 da ɗoriya, da bashin kimanin Yuro biliyan 10 a wuyansa. An je neman ƙiba an samo rama.

Piëch, wanda a lokacin yake shugaban hukumar sa ido ta Volkswagen, ya juya al'amarin. Ranar 23 ga Yulin 2009 Wiedeking ya sauka. Ma'aikata suka taru a harabar masana'antar Porsche da ke unguwar Zuffenhausen a Stuttgart ana ruwan sama, Wolfgang Porsche, ɗan Ferry, ya yi musu jawabi muryarsa na rawa, idonsa cike da ƙwalla. Ƙasar Katar ta shigo da kuɗi ta samu kashi 17 na ƙuri'un Volkswagen. A Disamba Volkswagen ya sayi kashi 49.9 na masana'antar Porsche a kan Yuro biliyan 3.9, a Agustan 2012 ya kwashe sauran a kan biliyan 4.46.

Ana yawan cewa gidan Porsche ya sha kaye, ni kuwa ban ga haka ba. Masana'antar ce aka sayar. Porsche SE, kamfanin riƙon dukiyar da aka kafa a 2007, bai saki hannun jarin da Wiedeking ya tara ba, kuma ƙuri'unsa duka na iyalan Porsche da Piëch ne. Waɗanda abin ya taɓa ni a kansu su ne masu ƙananan jari, domin da yawansu suna riƙe da irin hannun jarin da ba shi da ƙuri'a, ana yanke shawara a kan dukiyarsu ba tare da ta bakinsu ba.

Ranar 29 ga Satumba 2022 Volkswagen ya kai Porsche kasuwar hannun jari ta Frankfurt. An raba kamfanin zuwa hannayen jari miliyan 911, don tunawa da shahararriyar motarsu 911, aka sayar wa jama'a wani ɓangare na hannayen jarin da ba su da ƙuri'a a kan Yuro 82.50 kowanne. Daga cikin masu ƙuri'ar kuwa, Porsche SE ya sayi kashi 25 da ƙarin guda ɗaya, daidai adadin da ke ba iyalin damar hana duk wata babbar shawarar da ba su so a kamfanin da Ferry ya gina.