Shin iskar oksijin na kashe sankarar fata?

An daɗe ana yaɗa cewa ƙarancin oksijin ne ke haddasa sankara, wai da an cika jiki da shi, ta hanyar jan dogon numfashi ko shan "ruwan oksijin", sai ciwon ya mutu. Masu wannan magana kan jingina ta ga Otto Warburg, Bajamushen da ya samu kyautar Nobel a 1931. Amma abin da Warburg ya gano shi ne ƙwayoyin sankara na cinye sukari ta hanyar da ba ta buƙatar oksijin, ko da oksijin ɗin na nan.

Babban abin da ke jawo sankarar fata shi ne hasken UV, wani haske na rana da ido ba ya gani, mai lalata ƙwayoyin halitta. Ƙarancin oksijin yakan biyo baya ne. Idan ƙari ya girma har jijiyoyin jini suka kasa wadatar da shi, tsakiyarsa ta rasa iska, sai wani furotin mai suna HIF ya taru. Shi ke sa ƙarin ya tsiro sababbin jijiyoyi, ya kuma samu hanyar bazuwa, musamman melanoma, wani nau'in sankarar fata. Ƙwayoyin sankarar da suka rasa iskar ma sun fi jure gashin radiyeshin.

Don haka jan numfashi ko shan "ruwan oksijin" ba ya kashe sankara: jijiyoyin ƙarin ne suka karkace, huhu lafiyarsa ƙalau, jinin mai lafiya kuwa dama cike yake da oksijin. Abin da ke damuna shi ne mai tabon da ke sauya launi ko siffa ya ɓata watanni kan irin waɗannan magunguna, alhali likita na iya yanke shi tun yana ƙarami.