Zoben tumbi: mene ne shi, kuma wane abinci yake bari ya wuce?

Cikin ire-iren tiyatar rage ƙiba akwai wadda ba a yanke komai daga tumbi, ba a kuma karkatar da hanji. Wani zobe ne na silikon ake ɗaura wa tumbi daga can samansa, dab da inda bututun abinci ya shigo. Likitoci na ce masa gastirik band, wanda ya fi suna a kasuwa kuwa shi ne Lap-Band. Ana sa shi ta 'yan ƙananan huji a ciki da taimakon kyamara. Idan an ɗaura, ɗan sarari ne kawai ke saura a saman zoben, mai ɗaukar kimanin mililita 15 zuwa 30, wato babban cokali ɗaya ko biyu. Ragowar tumbin yana nan a ƙasa yadda Allah ya halicce shi, yana narka abinci kamar da.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ana iya tsuke shi, ana iya sassauta shi. Gefen zoben na ciki yana kumbura idan an zuba masa ruwan gishiri na asibiti. Wani siririn bututu ne ya haɗa shi da wata 'yar ma'ajiya da aka binne a ƙarƙashin fatar ciki. Likita zai soka allura a wurin ya ƙara ruwa, zobe ya matse. Ko ya zuƙe, zobe ya saki. Galibi sai an yi mako huɗu zuwa shida da tiyata ake fara zuba ruwan, daga nan kuma a riƙa komawa ana gyarawa har a dace.

A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro zoben da ake iya gyarawa: Lubomyr Kuzmak a Amurka, Dag Hallberg da Peter Forsell a Suwidin. A 1993 wani likita ɗan asalin Habasha, Mitiku Belachew, ya sa Lap-Band ta hanyar ƙananan huji a Beljiyam, ba tare da an farke ciki ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001, kuma zuwa 2011 fiye da kashi ɗaya cikin uku na tiyatar ƙiba a ƙasar zobe ne. Yanzu kasuwarsa ta faɗi ƙwarai, tiyatar da ake yanke mafi yawan tumbi a bar siririn bututu ta maye gurbinsa, saboda masu zobe da yawa sun koma an cire musu ko an sake musu aiki bayan shekaru. Duk da haka mutane masu ɗimbin yawa na yawo da shi a jikinsu, kuma kullum sai sun zauna gaban kwano.

Mutane da yawa sun ɗauka ɗan sararin nan na sama ne ke cika, mutum ya ji ya ƙoshi. Binciken da Paul O'Brien da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Monash ta Ostireliya ya nuna ba haka aka so abin ya kasance ba. Ba a son abinci ya taru a saman zobe ko kaɗan. Kowace loma bututun abinci ne ke matsa ta sau da yawa har ta kutsa ta wuce, kuma wannan matsawar ce ke aika saƙo ta jijiyoyi zuwa ƙwaƙwalwa cewa yunwa ta lafa. Zoben kamar mazurari yake: a zuba a hankali ya wuce, a antaya ya toshe ya dawo. Shi ya sa ƙa'idar da ake koya wa masu shi take da sauƙin riƙewa. Loma ƙarama, a tauna ta kamar sau 20 har ta zama laushi, a haɗiye, a dakata kamar minti ɗaya kafin ta gaba, a tashi daga kan abinci bayan minti 20 ko da kwano bai ƙare ba.

Makonnin farko bayan tiyata ba su da wani ruɗani, don asibiti ke ba da jadawali. Mako ɗaya ko biyu ruwa-ruwa zalla: madara, romo da aka tace, kunu mai tsululu. Daga nan abincin da aka markaɗa, sai mai laushi, wajen mako na shida a koma abinci sosai. Dalilin wannan lallaɓawa shi ne ɗinkin da ya riƙe zoben a mazauninsa yana bukatar ya warke, kuma amai ko yunƙuri a wannan lokaci na iya goce shi.

Bayan an fara tsuke zobe ne ake gane wane abinci ne aboki. Nama ne kan gaba wajen wahalarwa, musamman jan nama da aka gasa ya bushe, da ƙirjin kaza da aka soya. Zaren nama ba ya narkewa da yawu, komai taunar da aka yi masa sai ya dunƙule. Duk wanda ya san halin kilishi da tsire da balangu ya san a nan layin suke, haka ganda da kayan ciki masu tauri. Ba wai an haramta nama ba ne. Wanda aka niƙa, ko aka dafa a miya har ya saki jiki, ko cinyar kaza mai damshi da aka yayyanka ƙanana, yawanci suna wucewa. Kifi ya fi kowane sauƙi in an cire ƙaya, sai ƙwai da aka soya sama-sama bai bushe ba. Dafaffen ƙwai da ya yi tauri kan tsaya wa wasu.

Na biyu shi ne burodi sabon fitowa daga tanda. Wannan yana ba mutane mamaki, don a hannu laushi gare shi. Amma da ya haɗu da yawu sai ya koma ƙulli mai danƙo, ya liƙe a bakin zobe. Burodin da aka gasa ya yi ƙarau, ko busasshen biskit marar zaƙi, sun fi shi wucewa saboda farfashewa suke yi a baki. Shinkafa da taliya su ma suna cikin waɗanda aka fi kuka da su, musamman in sun yi caɓa ko an ci da sauri. Gurasa da fanke da alkubus irin ƙullinsu ɗaya da burodi, don haka a yi musu irin wannan taka-tsantsan.

Tuwo yana bukatar a tsaya a kansa, domin littattafan asibitocin waje ba su san da shi ba. Mu ba tauna tuwo muke yi ba. Yanko loma ake, a dangwali miya, a haɗiye, kuma kuka ko kuɓewa su zarce da ita. Wannan ɗabi'a da muka tashi da ita tun yarinta ita ce ainihin abin da zobe ba ya yarda da shi: loma babba, mai danƙo, wadda haƙori bai taɓa ba. Sakwara da teba sun ma fi tuwon masara danƙo. Mai zobe da ke son tuwo sai ya sake koyon cinsa daga farko, ya tuƙa shi da laushi, ya ɗebo ɗan kaɗan a kan cokali da miya mai yawa, ya murtsuke shi a baki kafin ya haɗiye. Wasu za su iya, wasu za su ga fate ya fi musu kwanciyar hankali.

Sai masu zare da ɓawo da ƙwaya: abarba, mangwaro mai zare, farin zaren lemu da fatarsa ta ciki, masara, ɓawon tumatir da na tufa, busassun 'ya'yan itace, gyaɗa, aya, gugguru. Ganye ɗanye ko wanda bai dahu sosai ba, irin kwaɗon rama ko kabeji, yana iya naɗewa ya tsaya. Idan aka fere, aka yanka ƙanana, aka dafa ya yi laushi, da yawansu sai su shiga. Ayaba, gwanda, kankana da aka cire wa 'ya'ya, kabewa, dafaffen karas, dankalin da aka farfasa, wake da ya dahu luguf, alale, awara mai laushi, kindirmo marar sukari, waɗannan ba kasafai suke tada hankali ba. Lemon kwalba mai gas kuwa ana son a bar shi, don kumburin ciki yake kawowa ga kuma sukari. Manyan ƙwayoyin magani ma suna iya tsayawa, shi ya sa ake gaya wa duk likitan da zai rubuta magani cewa akwai zobe.

Babu jadawalin da ya dace da kowa. Wani yana cin shinkafa lafiya amma ƙwai ya gagare shi. Mutum ɗaya ma abin da ya wuce jiya da dare yana iya tsayawa yau da safe, domin masu zobe da yawa sun fi jin matsi da safe, ya riƙa saki zuwa yamma. Mata kan ji ƙarin matsi lokacin al'ada, haka wasu in suna cikin damuwa ko mura ko tafiya a jirgin sama. Shan abu mai ɗumi kafin a fara ci yana taimaka wa da yawa. Shan ruwa a tsakiyar cin abinci don a kora loma kuwa ba dabara ba ce. Ruwan kan tsaya a kan abin da ya toshe, su dawo tare.

Idan abinci ya tsaya, mai shi ba ya bukatar a gaya masa. Nauyi ne da zafi a tsakiyar ƙirji, wani lokaci har gadon baya, baki ya cika da yawu mai kauri da yauƙi, daga nan lomar ta dawo yadda aka haɗiye ta. Abin yi shi ne a daina ci nan take, a miƙe a ɗan zaga, a bar abin ya wuce ko ya fito da kansa, sannan a koma ruwa-ruwa na yini guda don kumburin wurin ya sauka. Sau ɗaya jefi-jefi ba abin firgita ba ne. Amma in ya zama kullum, ko ana tari da dare, ko ruwa mai tsami na tasowa in an kwanta, zoben ya yi matsi da yawa. Ci gaba a haka na buɗa ɗan sararin nan na sama da bututun abinci, yana kuma iya sa tumbi ya zame ta cikin zoben. Wanda ko ruwa ya kasa zama masa, ko yake jin ciwon ciki mai tsanani, ko ya ga jini a amai, asibiti zai nufa a ranar. Amai na makonni kuma yana ƙarar da bitamin B1 a jiki, rashinsa na taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

Inda na fi jin tsoro a wannan sha'ani ba wajen abincin da ke tsayawa ba ne, wajen wanda ke wucewa salin-alin ne. Zobe ba ya tare ruwa. Askirim, cakulan, shayi mai kauri da madara da sukari, fura da nono da aka zuba wa sukari, kunun gyaɗa, kunun aya, zoɓo mai zaƙi, duk zarcewa suke yi ba tare da sun kashe yunwa ba. Mutumin da nama ya wahalar sau biyu sau uku sai ya fara gudunsa, ya koma wa abin da ba ya ba shi ciwo. A ganinsa ya samo abincin da ya karɓe shi. Bayan 'yan watanni nauyi ya tsaya ko ya fara dawowa, jiki ba ƙarfi, gashi na zuba, shi kuma ya tafi wurin likita yana roƙon a ƙara tsuke zobe. Alhali sau da yawa sassautawa yake bukata. O'Brien ya kira daidaitaccen matsi da koren yanki: mutum na cin ɗan abinci mai ƙwari sau biyu ko uku a yini, yana ƙoshi, yunwa ba ta damunsa tsakani, ba ya amai. Wanda bai iya cin kifi ko kaza mai laushi ba sai kunu, ya wuce wannan yanki, komai saurin ramar da yake gani a madubi. Ana son babba ya samu furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da kifi da ƙwai da wake, kamar giram 60 zuwa 80 a yini, ya fara da shi kafin tuwo ko shinkafa, ya sha ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin abinci, ya kuma riƙa shan ƙwayar bitamin da aka rubuta masa.

'Yan uwa suna da rawar takawa a nan. A gidajenmu tura wa mutum kwano ƙauna ce, ƙin ci kuma kan zama abin magana. "Haba yaya, ɗan wannan za ki ci? Ƙara mana." Wanda ya faɗi haka da alheri ya faɗa, amma lomar kunya da aka haɗiye da sauri a gidan biki ita ce ke kai mai zobe bayan ɗaki yana kakari. Gara a bar shi da ƙaramin farantinsa, a daina ƙirga masa loma, a kuma ware masa naman da ya fi dahuwa a tukunya.

Azumi ma yana bukatar shiri. Likitoci da yawa na ba da shawarar kada a yi shi a watannin farko bayan tiyata, don mai zobe ba ya iya kwankwaɗar ruwan yini guda a zama ɗaya, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Wanda aka amince masa ya yi, lokacin buɗa-baki ne ya fi hatsari, saboda yunwa na sa gaggawa. Ya fara da ruwa mai ɗumi kurɓi-kurɓi, ya ɓare wa dabino fatarsa ya tauna sosai, ya yi sallah, sannan ya zauna wa abinci a natse. Tsakanin isha da sahur ya riƙa kurɓar ruwa a kai a kai.

Masu fita Masar ko Indiya ko Turkiyya ko Dubai neman wannan aiki su sani cewa ba a gama da zobe a ɗakin tiyata. A shekarar farko kaɗai ana komawa gyara sau da yawa, kuma ba kowace allura ake soka wa ma'ajiyar nan ba, akwai ta musamman da ba ta yaga robar, in ba haka ba ruwan ya riƙa yoyo. Kafin a sayi tikiti a tabbatar akwai likita a gida da ya iya ƙara ruwan da zuƙe shi, wanda za a iya samu ko da tsakar dare in abinci ya toshe. A kuma karɓo takarda daga asibitin da aka yi aikin, mai ɗauke da sunan zoben da yawan ruwan da yake ɗauka da wanda aka riga aka zuba masa.